Ƙofar da Aka Ce Ba Ta da Mai Ita

Ƙofa ba ta nutsewa. Na fara lura da haka a shekarar da ruwa ya ci unguwarmu ta gangare, kuma har yau in na zauna ni kaɗai abin yakan dawo mini. Keken ɗinki ya nutse, tukwane suka nutse, buhunan hatsi suka sha ruwa suka zauna inda suke. Amma ƙofofi, da ginin ƙasa ya sake su, sai suka kwanta a kan ruwa suka bi shi, kamar dama izini suke jira. Da idona na ga wata ta wuce da kaza tsaye a kanta, kazar tana leƙa gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar kuɗin haya.

Da ruwa ya janye aka riƙa tsintar su a gonaki da gindin gada, har da wata a kan reshen bishiya. Ƙaramar hukuma ta sa aka kwaso su a motar yashi, aka jingine su a tsohon ɗakin ajiya na bayan ofis, inda a da ake tara karyayyun kujerun makaranta. Sittin da ɗaya ne. Ban taɓa shiga wuri mai daɗin tsayawa kamar ɗakin nan ba. Ko'ina ka juya ƙofa ce, kuma babu wadda za ka buɗe ka shiga wani wuri.

Ni kafinta ne, a hannun mahaifina na koya. Kusan duk ƙofar da ke unguwar, in ba ni na yi ta ba to shi ya yi. Shi ya sa Ma'aji ya aiko a kira ni.

Ma'ajin ƙaramar hukumarmu na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, siririn mutum ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Shi ke riƙe da asusun agaji, kuɗin da ake ware wa ranar da wuta ko ruwa ko iska suka yi ɓarna. Da na shiga na tarar ya ja teburinsa zuwa kusurwa, ya ajiye bokiti a tsakiyar ɗakin, rufi yana ɗiga a ciki. Daga baya na ji cewa Ciyaman da kansa ya ce a ɗiba cikin kuɗin agajin a gyara rufin ofis, tunda shi ma ai ruwa ne. Ma'aji ya ce rufin nan tun bara yake yoyo, ba ambaliya ce ta huda shi ba, don haka ya jira kasafinsa. Suka yi mako biyu ba sa gaisawa sai da hannu. Bokitin kuwa ya kai har damina ta gaba.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa mutum shan magani. Ya ce kuɗin nan ba na gyaran gari ba ne, ba kuma na faranta wa kowa rai ba ne, na mayar da abin da ruwa ya ɗauke ne kawai. Abin da aka tsinta ba a sayen madadinsa, gyara shi ake yi a mayar wa mai shi. Sai wanda tasa ta ɓace ɓat, ko ta farfashe, shi za a yi wa sabuwa. Ya ce bayan an fitar da na magani da na kwanon rufi da na tsabtace rijiyoyi, abin da ya rage ƙofa goma sha biyu zai yi. Ya riga ya karɓi farashi daga masu walda uku, ya manna takardun uku a allon sanarwa don kowa ya gani, ya ba wanda ya fi sauƙi. A shekarar katako ya yi tsada, ta ƙarfe ta fi araha.

Aikina shi ne shaida. Kowace ƙofa da takardarta: mai ita ya dangwala yatsa, ni in sa hannu cewa tasa ce. In an gama, gyaran duka ni za a ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma sunana na iya rubuta shi da kyau, kuma nakan ɗauki lokaci a kansa, in yi wa harafin ƙarshe ɗan wutsiya.

Kwanakin nan, duk da halin da ake ciki, suna cikin mafi daɗi a rayuwata. Mutanen da suka yi asarar komai za su shigo jiki a sanyaye, sai ka ga mutum ya tsaya cak, ya nuna, ya ce ga ta can, kamar ya hango ɗan'uwa a tashar mota. Wanzami ya gane tasa da tabon da ya yi wajen gwada kaifin aska. Wata tsohuwa ta gane tata da ƙunar fitila, ta tsaya tana ba mu labarin ranar da abin ya faru har Ma'aji ya manta da biro a hannunsa. Akwai makahon da ya bi layi yana shafawa, ya wuce goma sha tara, a ta ashirin ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya kara kunne, ya ce wannan ce. Kuma ita ce. Wasu 'yan'uwa biyu suka kusa dambe a kan guda ɗaya, ashe ta maƙwabcinsu ce.

Ni kuwa ba na ko buƙatar tambaya. A wancan zamani ba a yin ƙofa sai an je an ga bakin da za ta rufe, domin babu ginin da yake daidai da wani. Wannan ta karkace hagu, waccan an rage mata kai saboda mai gidan gajere ne kuma ya ce ba ya son baƙi dogaye. Yanzu duk ƙofofin duniya tsawonsu ɗaya, a shago ake jera su kamar faranti. In ruwa ya kwashe su yau, ban san wa za a kira ya raba ba.

Matsala ta fara ne ranar da mai walda ya kawo ta farko don a gani. Koriya shar, da makulli na zamani da 'yan mabuɗai uku a zobe. Aka jingine ta a bakin ofis, rana tana dukanta. Daga ranar sai mantuwa ta shigo unguwa. Mutum zai tsaya gaban ƙofar da ya shekara ashirin yana turawa, ya karkata kai, ya ce kamar dai ita, amma tasa ta fi wannan faɗi. Ma'aji sai ya dube ni ta saman tabarau, ni kuma in ce tasa ce, in faɗi shekarar da aka yi ta da abin da ya rage bai biya babana ba. Sai a kwashe da dariya, mutumin ya sosa ƙeya ya dangwala yatsa. Babu wanda ya riƙe ni a rai. Har suna suka sa mini, wai Alƙalin Ƙofa.

A rana ta tara Yaya ta zo.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ina da shekara huɗu mahaifiyarmu ta rasu, ita ta goya ni, ita ta yi mini wanka, ita ta riƙa zuwa makaranta tana rama mini faɗa. A lokacin ambaliyar mijinta ya shekara shida da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna gidajensu, ita kaɗai ce a gidan. Ƙofarta kuwa ita ce ta farko da na yi ni kaɗai ba tare da babana ya sa hannu ba. Ba ni da kuɗin katako, sai na roƙi akwatunan kaya a bayan wani kanti na ɓaɓɓalle su. A cikinta, ta ɓangaren ɗaki, har lokacin akwai hoton laima da na kofin gilashi da aka buga da baƙin fenti a jikin akwatin. Na daɗe ina tunanin wace ƙasa ce ake aika wa mutane laima da kofi a akwati ɗaya.

Tun ranar farko na gan ta, a layi na uku. Na ma goge mata taɓo da hannun rigata.

Yaya ta shigo ta gaida Ma'aji, ta bi layin a hankali. Da ta zo gabanta ba ta ko rage tafiya ba. Ta kai ƙarshe ta dawo ta ce ba ta ga tata ba. Ma'aji ya tashi da kansa, ya nuna ƙofofi huɗun da suka rage babu mai su, ya ce ta sake dubawa. Ta dubi ta akwatin kamar yadda ake duban bango.

"Ba tawa ba ce," in ji ta.

Ma'aji ya juyo. "Malam Kafinta, wannan fa?"

Yaya ba ta dube ni ba. Gefen mayafinta kawai take murzawa da yatsu biyu, yadda take yi tun ina yaro in an zo karɓar wani abu da ba mu da shi. Na dubi ƙofar, sannan na amsa.

"Ban san ta ba, ranka ya daɗe."

Ya miƙo takarda na sa hannu. Aka rubuta wa ƙofar lamba da alli, aka mayar da ita cikin marasa mai su, aka sa sunan Yaya cikin masu jiran sabuwa.

A hanyar gida na riƙa lallashin kaina. Na ce ƙofa ɗaya ce, hukuma ba za ta talauce ba. Na ce matar nan ta ci wuya a kaina, in ban rufa mata asiri ba wa zai rufa. Abin da ban yi ba shi ne lissafi. Da aka manna jerin sunaye washegari, mutum goma sha uku ne, ƙofa goma sha biyu. Ƙa'ida kuma ta ce a fara da tsofaffi da matan da ke zaune su kaɗai. Yaya ta hau ta uku. Wanda ya faɗo ƙasan layi shi ne mai gawayin bakin kwalbati, wanda duk unguwa ke kira Alli saboda ba a taɓa ganinsa da fari ba. Tasa ƙofar an ga ɓaraguzanta a gindin gada, babu abin da za a ɗauka sai sakata.

Na koma wurin Ma'aji da dabarata. Na ce tunda ga ƙofofi huɗu babu mai su, a ba Alli ɗaya mana, ni zan rage ta ta shiga, kyauta. Ya girgiza kai. Ya ce abin da ba a san mai shi ba amana ne a hannun hukuma, sai ya yi wata shida a ajiye, sannan a yi gwanjonsa a bainar jama'a, kuɗin ya koma asusun. Uku daga cikinsu ma yana zaton daga ƙauyukan sama ruwa ya kawo su, ya aika a yi cigiya.

"In na ba shi yau, gobe mai ita ya zo fa?" Ya faɗi haka yana dubana ta saman tabarau, ya daɗe bai ɗauke ido ba. Na ce haka ne, na fita.

Ni da Alli tare muka taso, wasa muke yi tun muna yawo babu takalmi. Da na bi ta gidansa na tarar ya rataya buhun gawayi biyu da ya farke ya ɗinke a bakin ƙofa. Gidan a bakin hanya yake, duk mai wucewa in iska ta ɗaga buhun sai ya ga tsakar gida, ya ga matarsa tana wanki, ya ga tsohuwarsa kwance a tabarma tana tari. Awakin maƙwabta sun mayar da wurin hanya.

"Alƙali, zo ka ga tawa," in ji shi. "Ba ta kuka, ba ta son mai, mabuɗinta ba ya ɓata. In ɓarawo ya shigo ma da shaida a fuskarsa zai fita."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya rage murya ya ce ya ji na je na roƙa masa wurin Ma'aji, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ya ce shi ba don kansa ba, sanyin asuba ne ke shigo wa tsohuwa, amma ba komai, an ce wataƙila baɗi a sake warewa. Ya kama hannuna da nasa biyu ya girgiza. Da na isa gida na ga baƙin yatsunsa a bayan hannuna, na zauna ina kallo, na kasa tashi in wanke.

Kwana biyu na yi ina kewaye gidan Yaya. A na uku da la'asar na shiga. Ta tare bakin ƙofarta da tsohon kwanon rufi da turmi. Na same ta a tsakar gida ta baje abin da ruwa ya bar mata a rana, tana kankare taɓo daga murfin kwanoni da cokali. Na gaishe ta, ta amsa, ta tura mini kujera da ƙafa. Na yi zancen ciwon ƙafarta, na yi zancen tsadar sabulu. Ta bar ni na gama kewayena.

"Auta, faɗi abin da ya kawo ka. Tun kana yaro in ka yi ɓarna kunnenka ke motsi."

Na ce mata Alli ne ya faɗo daga layi. Na faɗi buhun, na faɗi tsohuwar. Ta ci gaba da kankara, ta ce ta sani, tana da ido. Na ce Yaya, ƙofar nan lafiyarta ƙalau, hinji ɗaya kawai za a sauya, ƙarfen da take juyawa a kai, zan goge ta in yi mata fenti har ba za ki gane ta ba. Sai ta ajiye cokalin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in dubi abin da ke shimfiɗe a gabana in nuna mata guda ɗaya da aka saya da sunanta. Kwanonin na mahaifiyarmu ne. Gadon da ruwa ya karya na goggonmu ne, da aka kai Yaya ɗakin miji aka sake masa fenti aka ce sabo ne, kowa kuma ya san ba sabo ba ne. Keken ɗinkin da ta ci abinci da shi shekara ashirin, sai da wata ta gaji da shi. Zannuwan fita kuwa na 'ya'yanta ne da suka daina yayi.

"Mijin ma, Allah ya jiƙansa, wata ce ta mutu ta bar mini. Kai kanka da aka miƙo mini kai, da ƙuraje da tsumman wani aka miƙo ka." Ta ɗan yi murmushi, ni ma na yi. "Shekarata hamsin da takwas. Na ga abin nan kore a bakin ofis, da ledarsa ba a ɓare ba, na ce sau ɗaya dai in riga kowa taɓa wani abu. Shi ke nan laifina."

Ina kallon kwanonin nan, kowanne na san shi, a cikinsu na ci abinci na girma, ban taɓa tambayar kaina na wane ne ba. Na ce mata in Allah ya hore mini zan saya mata irinta da kuɗina. Ta ce in fara sayen takalmi tukuna. Daga nan ta ɗauki cokalinta.

"In za ka je ka faɗa, je ka. Ban hana ka ba. Amma ka san a bakin wa za a ji cewa na yi ƙarya."

Washegari na riga masinja zuwa ofis. Ma'aji ya zo ya same ni a kan dakali, ya buɗe, ya zubar da ruwan bokiti, ya zauna, sannan ya ce in faɗi. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Bai nuna mamaki ba. Ya jawo takardar daga cikin fayil kamar dama a sama ya ajiye ta, ya ɗora ta kusa da wata, ya juyo mini su. Ya ce in duba. A duk sauran takardun sunana yana da wutsiyarsa. A wannan babu.

Na ce to me ya sa bai tsayar da ni ba tun ranar. Ya ce shi ba shaida ba ne, ma'aji ne. Ƙa'ida ta ce ya karɓi maganar shaida, ba ta ce ya karanta zuciyarsa ba. In ya fara soke takarda don yana zargi, gobe wani ma'ajin zai soke don yana ƙi. Ya ce amma kwana huɗun nan bai ji daɗin abinci ba, kuma ya ƙi sa hannu a biya mai walda kuɗin ƙofa ta uku a layi, wato ta Yaya, yana cewa biro ya ƙare.

Sannan ya gaya mini abin da zai biyo baya, kuma bai sassauta murya ba. Shaidar da ya yi ƙarya sau ɗaya, duk takardun da ya sa wa hannu sai an sake su da wani shaidar. Aikin gyaran da aka yi mini alkawari, wani za a ba. Kuma shekara biyu hukuma ba za ta ba ni ko ƙusa in buga ba. Ni kuwa a kan aikin nan na ɗora gyaran nawa ɗakin da ya zube. Na ce na ji na karɓa. Abu ɗaya na roƙa, kada a karanta sunan Yaya a gaban kwamiti.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce mai kaya yana da damar ya dawo ya ce ya sake dubawa ya gane abinsa, wannan ba laifi ba ne, tsofaffi da yawa sun yi. In ta zo da ƙafarta ta dangwala kafin kwamiti ya zauna ranar Alhamis, a takarda gyara ne kawai. In ba ta zo ba, dole ya karanta yadda abin ya faru, da sunanta da nawa, domin ba zai sauya layi a ɓoye ba.

Na aika mata da saƙon ta bakin babbar 'yarta, don na san in ni na je ba za ta saurara ba. 'Yar ta dawo ta ce ta faɗa, Yaya kuwa tambaya kawai ta yi ko an ga murfin babbar tukunyarta.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Ina zuwa in zauna a dakalin ofis kamar mai jiran a sallami mara lafiya. Sabon shaidar, wani kafinta daga unguwar tudu, yana ciki yana sake takardun, mutane suna ta zuwa suna dangwala yatsa karo na biyu suna mita. Wasu suka daina ce mini Alƙali. Wanzami ne kawai ya zauna kusa da ni ya ce kowa da ranar da ƙafarsa ke zamewa, ya kuma ce gashina ya yi yawa.

Ranar Alhamis 'yan kwamiti sun fara shigowa, ana jera kujeru, sai ga Yaya ta ɓullo daga kan kwana. Ta sa mayafinta na zuwa biki, tana tafiya a hankali saboda ƙafar. Ta wuce ni kamar ta wuce turke. Na bi ta a baya na tsaya a bakin ɗakin ajiya. Ta gaida Ma'aji, ta ce masa kwanakin baya idonta ne ke mata hazo, yanzu ta sa magani. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ko za ta sake dubawa. Ta tafi kai tsaye, ta ɗora tafin hannu a kan ƙofar, ta goge lambar allin da gefen mayafin.

"Wannan ce. Wani yaro ne ya yi mini ita, lokacin yana da kunya."

Ta dangwala yatsa, ta sa lebura biyu suka ɗauka, ta bi su a baya.

A makon aka kafa wa Alli koriyar ƙofa. Kafin wata ya zagayo ta koma baƙa daga wajen mariƙi, ya rataya mabuɗan uku a wuya yana yawo da su kamar mai unguwa. Bai san yadda aka yi ya hau layi ba sai bayan shekaru, kuma ba daga bakina ba.

Yaya kuwa ta ɗauke mini wuta. In na gaishe ta a hanya ta amsa a taƙaice kamar ta amsa wa mai talla. In matata ta kai mata abinci ta karɓa ta yi godiya, ba ta tambayi lafiyata. Kafintan tudu ya je zai kafa mata ƙofar, ta ce kada ya taɓa. Aka jingine ta a bangon tsakar gida, ita kuma ta ci gaba da jan kwanon rufi da turmi safe da yamma. Haka muka yi wata huɗu. Ni kuma na koma gyaran kujeru da akwatunan amare, na tashi ɗakina da kaɗan-kaɗan.

Wata safiya ina shago ina fere ƙafar tebur, na ga inuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Da mai sayar da itacen da ke kusa da ni ta yi magana, da ƙarfi yadda zan ji.

"Wai kafintan nan yana aiki kuwa, ko ya mutu ba a gaya mana ba?"

Na ɗauki guduma da zarto da sabon hinji na bi ta. Da muka isa na ɗaga ƙofar na kai ta bakinta, na ce sai an samu mai riƙewa. Ta ce ita ba mutum ba ce? Ta sa kafaɗa ta tallafe, ni na durƙusa ina neman ramin tsohuwar ƙusa. Muna haka, fuskarta a jikin katako, ta ce ta bi ta gidan Alli jiya da azahar, ta ce bari dai ta taɓa abin nan ta ji.

Na ce yaya ta ji.

"Sai da ta ƙone ni. Ashe wuta take ɗauka da rana. Mutum ya riƙa buɗe gidansa da tsumma kamar mai sauke tukunya." Ta gyara kafaɗarta a jikin ƙofar. "Amma tana da kyau, Auta."

Na ce tana da kyau, Yaya.

"To ɗaga nan gefen, ta karkace. Shekara nawa kana aikin nan har yanzu sai an gaya maka."

Na ɗaga.